TAƘAITACCEN TARIHIN LIKITA MILA NA ZARIYA (1872 - 1952): YABO YA CANCANTA KO ZARGI?



Sa'ad da kwamitin shirya bikin cikar Ikkilisiyarmu shekara 50 ya zauna domin ya zaɓi hotunan da za a sa cikin wannan ɗan littafi, ba a yi gardama a kan hoton kowa ba sai na mutum ɗaya, wato Likita Walter Miller, wanda mutanen Zariya suke kira Likita Mila. Waɗansu dattawa suka ce a sa shi a shafi na fari, gama Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda iyayenmu suka fara karantawa a nan Tozai aikin hannunsa ne. Waɗansu matasanmu kuwa, waɗanda suka yi karatun tarihi a Sakkwato da Zariya, suka ce ba su yarda ba. A ganinsu mutumin abokin Turawan mulki ne, ya kuma bar mana wani tabo wanda har yau muke fama da shi a tsakaninmu da maƙwabtanmu. Aka yi zama biyu ba a daidaita ba. A zama na uku aka yarda a rubuta tarihinsa yadda yake, da mai daɗin ji da marar daɗin ji, domin kowane mai bi ya karanta ya auna da kansa. Ga shi nan.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haifi Walter Miller a shekara ta 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin Waliyyi Bartalamawus da ke birnin Landan. Da ya gama, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Ikkilisiyar Angalikan, wato C.M.S., domin a aike shi ƙasar Hausa.

A lokacin ba wani mai bishara da yake zaune a ƙasar Hausa. Saboda haka aka fara aika shi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda akwai Hausawa fatake da mahajjata masu yawa, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ya sadu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdulmajid, wanda ake kira Audu, yana kan hanyarsa ta zuwa Makka. Wannan yaro ya taimake shi da Hausa ƙwarai, daga baya kuma ya zauna tare da shi kamar ɗansa. Likita Mila bai taɓa yin aure ba. Yaran da ya reno su ne iyalinsa har ƙarshen ransa.

TAFIYA ZUWA KANO A 1900

A farkon shekara ta 1900 Turawa biyar suka tashi daga Ikko suka nufi Kano ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell. Sauran su ne Likita Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Gwamna Lugga bai so tafiyar ba, gama a lokacin bai riga ya ci ƙasar da yaƙi ba, amma suka tafi. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Da suka isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya ƙi su sarai, ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga ƙasarsa. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan Dudley Ryder ya mutu, ciwo kuma ya kwantar da sauran, har shi Likita Mila aka mai da shi Ingila ba shi da lafiya.

Wani ma da ya ga haka sai ya haƙura. Shi kuwa ya komo Girku a 1902, ya ci gaba da ba da magani da nazarin Hausa. Cikin wannan lokaci ne sojojin Ingila suka shiga Zariya, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarki Aliyu Babba, wanda ya kori 'yan mishan ɗin, ya gudu ya yi arewa. A ƙasarmu ta Gobir aka kama shi aka ba da shi ga Turawa, suka kai shi zaman dole, ya rasu a Lokoja.

A nan ne gardamar farko take tashi. Likita Mila bai ɓoye cewa yana marmarin faɗuwar mulkin sarakunan Fulani ba. Ya ga yadda ake kai hari ana kama mutane bayi, ya ga garuruwan da aka mai da kufai a kudancin Zazzau, abin ya ƙona masa rai. Ya zama aminin Gwamna Lugga, yana fassara masa dokoki da sanarwa zuwa Hausa. Tun daga nan mutane da yawa suka kasa rarrabe tsakanin Baturen magani da Baturen bindiga.

ZAMA CIKIN BIRNIN ZARIYA

A shekara ta 1905 aka yardar masa ya koma cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Wannan babban abu ne, gama Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, kuma daga baya an hana 'yan mishan zama cikin biranen sarakuna. Shekara fiye da 20 gidan Likita Mila ne kusan kaɗai gidan mishan da ke cikin ganuwar babban birnin Musulmi a Arewa.

Ya buɗe ɗakin shan magani, ya kuma buɗe makaranta. Cikin yaran da ya tara akwai 'ya'yan malamai, akwai marayu, akwai waɗanda aka 'yanto daga bauta. Suna kwana a gidansa, suna cin abincinsa, yana koya musu karatu da rubutu da lissafi da Turanci da Maganar Allah. Ya so ƙwarai ya kafa makarantar 'ya'yan sarakuna, amma gwamnati ta ji tsoron sarakuna ba za su ba mai bishara 'ya'yansu ba, sai ta ba Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, aikin, shi kuwa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Da shekaru suka yi ta tafiya, yawancin lokacin Likita Mila ya koma ga koyarwa da fassara, aikin magani ya ragu a hannunsa.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya a kai wanda ya kamata mu tuna. Bai so Bahaushe ya bar Hausancinsa saboda ya bi Almasihu ba. Ya so masu bi su riƙe rigarsu da hularsu da harshensu, su zauna cikin garinsu tare da danginsu. Amma kuma shi ne yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta bar rubutun ajami ta kama boko. Wannan ya sauƙaƙa buga littattafai, mu ma da bokon muke karanta Maganar Allah yau. Duk da haka ya sa dubban malamai da suka iya karatu da rubutu da ajami suka zama kamar jahilai a idon gwamnati, ba su kuwa manta da wannan ba.

ISAWA DA GIMI

Tun kafin zuwan Turawa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim wanda cikin nazarinsa ya ga girman Annabi Isa, ya yi ta koya wa almajiransa. Aka kashe shi a Kano saboda koyarwarsa, almajiransa suka watse wajen Ningi da gabashin Zazzau. Su ne ake kira Isawa. A shekara ta 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Wannan ita ce rana mafi daɗi cikin dukan aikinsa, gama bayan shekara 13 na wahala masu bi ba su taka kara sun karya ba.

Aka nema musu wuri a Gimi domin su zauna tare su zama ƙauyen masu bi. Wani Rabaran baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma mai suna W. A. Thompson ya zauna tare da su yana kiwon su. Suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen. Cikin 'yan shekaru kaɗan ya kashe yawancin mutanen. Waɗanda suka ragu, galibi yara, aka kwaso su aka kawo Zariya, Gimi ta zama kango.

Masu zargi suna tambaya: ƙaƙa likita zai tara mutane a inda ƙudan tsando yake? Tambaya ce mai nauyi, gama rayuka aka rasa. Amma gaskiya ita ce a lokacin ba a riga an san girman wannan ciwo a ƙasar Zazzau ba. Sai cikin shekarun 1930 gwamnati ta tashi tsaye a kansa a yankin Anchau, har ta ta da mutane ta gina sabon gari mai suna Takalafiya. Ba mu ga alamar mugun nufi cikin abin da ya faru a Gimi ba. Abin da muka gani shi ne, kyakkyawar niyya ba ta hana mutane mutuwa idan sani ya gaza.

RIGIMA DA SARKIN ZAZZAU

Zaman Likita Mila da Sarki Aliyu ɗan Sidi ya fara da girmama juna, amma bai ƙare haka ba. Talakawa sukan kawo wa Likita kukansu, shi kuwa yakan rubuta ya kai wa Turawan mulki. Ya zargi sarkin da danniya da cinikin bayi a ɓoye. A zamanin Gwamna Clifford aka yi bincike, tsakanin 1920 da 1921 aka tuɓe sarkin aka kai shi Lokoja, inda ya rasu a 1924.

Wannan al'amari yana da fuska biyu. Idan talaka ya rasa wanda zai ji kukansa, wanda ya tsaya masa ya yi aikin annabawa, kamar yadda Natan ya tsaya gaban Sarki Dauda, Iliya kuma gaban Ahab. Amma Natan da Iliya ba su da gwamna mai sojoji a bayansu. Sarki Aliyu malami ne, mawaƙi ne sananne, shi ne kuma ya yarda Likita ya zauna cikin birninsa. A idon Zazzagawa da yawa, baƙon da aka ba masauki ne ya sa aka kori mai gida. Sauran sarakunan Arewa suka ga abin da ya faru, suka ƙara rufe ƙofofinsu, Turawan mulki kuma suka ƙara tsananta wa dukan 'yan mishan. Saboda haka waɗansu masana tarihi suna ganin halin Likita Mila yana cikin abubuwan da suka jinkirta shigar bishara ƙasashen sarakuna.

WUSASA DA LITTAFI MAI TSARKI

Daga baya gwamnati da fada suka nace a fitar da mishan daga cikin birni. C.M.S. ta yarda, aka ba su fili a Wusasa, bayan gari, aka koma can a 1929 ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen. A nan aka gina majami'ar Waliyyi Bartalamawus da ƙasa irin ginin Hausa, da makaranta, da asibitin Waliyyi Luka. Likita Mila bai yarda da ƙaurar ba ko kaɗan. Yana ganin idan masu bi suka fita daga cikin jama'a za su zama baƙi a ƙasarsu. Ya ƙi bin su, ya koma Kano ya ƙarasa babban aikinsa.

Ba shi ne ya fara juya Maganar Allah zuwa Hausa ba. Tun cikin shekarun 1850 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara, da taimakon Dorugu, wani saurayi Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda ya je Ingila. Amma Likita Mila ne ya ɗauki yawancin nauyin juya dukan Littafin, tun daga Farawa har zuwa Ru'ya ta Yohanna. Ya yi wajen shekara 30 yana aikin. Ma'aikatan sauran mishan, kamar Likita Stirrett na S.I.M., sun sa hannu wajen dubawa, haka kuma Hausawa masu bi da malamai waɗanda suka zauna da shi suna gyara masa magana. A shekara ta 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a Landan.

Babu wanda zai iya auna amfanin wannan Littafi. Da shi aka yi wa'azi a Filato da Kudancin Zariya da Adamawa da Binuwai, inda Hausa ta zama harshen sujada ga kabilu masu yawa. Likita Mila bai yi aiki a ƙasar Gobir ba. S.I.M. ce ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, ta yi aikin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Amma Littafin da ma'aikatanta da masu bishara 'yan ƙasa suka riƙe a hannu suna zaga ƙauyukanmu, nasa ne. Ko da aka fito da sabuwar fassara a 1979, tsofaffinmu da yawa ba su saki tsohuwar ba, gama ayoyin da suka haddace da ita suka haddace su.

TSUFANSA DA MUTUWARSA

Ya bar aikin C.M.S. cikin shekarun 1930, ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi a can ba. Ya komo Nijeriya ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce. Cikin tsufansa bakinsa ya juya kan 'yan'uwansa Turawa. A wani littafi da ya buga a 1947 ya tuhumi mulkin Ingila da barin talakawan Arewa cikin jahilci da danniya domin kawai a faranta wa sarakuna rai. Ya rasu a Bukuru a shekara ta 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos. Bai bar gida ko dukiya ba.

ABIN DA MASU YABO SUKE CEWA

Masu yabo suna cewa a dubi itace ta wurin 'ya'yansa. Mutum ya bar ƙasarsa yana saurayi, ya yi fiye da shekara 50 yana hidimar mutanen da ba danginsa ba, ya mutu a cikinsu. Ya ciyar da marayu, ya tsaya wa bayi a lokacin da bauta take da ƙarfi, gama sai a 1936 aka soke ta ƙaƙaf bisa doka a Arewa. Daga cikin 'yar ƙaramar jama'ar da ya kafa aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan boko na fari daga Arewa, wanda ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Aka sami Malam John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma ya yi makaranta. Bisa dukan waɗannan, ga Maganar Allah da harshenmu. Suna cewa wanda ya sha ruwan rijiya bai kamata ya zagi mai haƙa ba.

ABIN DA MASU ZARGI SUKE CEWA

Masu zargi ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa shi ne, akwai wani lissafin kuma.

Na fari, ya jingina bishara da ƙarfin masu mulki, saboda haka har yau akwai waɗanda suke kiran bangaskiyarmu addinin Nasara, ko da yake mu Gobirawa ne gaba da baya.

Na biyu, ya rubuta maganganu masu zafi da raini a kan Fulani da kuma addinin Musulunci, maganganun da babu ɗayanmu da zai iya karanta wa maƙwabcinsa ba tare da jin kunya ba.

Na uku, mutum ne mai taurin kai, wanda ba ya son a ƙi maganarsa. Ya yi ta samun saɓani da abokan aikinsa, ya kuma riƙe yaransa da hannu mai ƙarfi, waɗansu har suka rabu da danginsu.

Na huɗu, ya sa zuciyarsa ga birni da malamai da 'ya'yan manya, yana zaton idan kai ya juya jiki zai bi. Maguzawa da Arna na ƙauye, irin kakannin da yawa daga cikinmu, ba su sami rabo mai yawa daga lokacinsa ba. Amma da Allah ya tashi yawaita Ikkilisiyar Hausa cikin shekarun 1970, daga cikin waɗannan manoma ya tara jama'arsa, ta hannun masu bishara baƙar fata waɗanda ba su da suna.

Na biyar, sunansa kaɗai ake tunawa a kan fassarar, alhali kuwa Hausawan da suka ba shi kalmomin an manta da yawancinsu.

INDA MUKA TSAYA

Bayan mun karanta wannan tarihi tare a kwamiti, mun ga cewa dattawa suna da gaskiya, matasa ma suna da gaskiya. Mun kuma ga cewa Littafin da Likita Mila ya juya mana shi ne ya nuna mana yadda za mu yi da shi. Littafin bai ɓoye fushin Musa ba, bai ɓoye zunubin Dauda ba, bai ɓoye yadda Bitrus ya yi musun Ubangijinsa ba, ya kuma faɗi yadda Bulus da Barnaba suka yi gardama har suka rabu. Duk da haka bai ƙi kiran su bayin Allah ba. Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa saboda sun rarrabu a kan sunayen ma'aikata, ya tuna musu cewa mai shuka da mai ban ruwa bayi ne kawai, girma daga wurin Allah yake, wuta kuma za ta gwada aikin kowa a rana ta ƙarshe.

Saboda haka muna gode wa Allah domin Likita Mila, godiya ta gaske ba ta baki ba. Ba za mu mai da shi marar aibi ba, gama mai riƙe wannan matsayi Ɗaya ne. Idan maƙwabcinmu Musulmi ya ce mana Likita Mila ya ɓata wa kakanninsa rai, ba za mu yi masa musu ba. Za mu ce haka ne, ba mu kuwa yarda da wannan sashi na aikinsa ba. Faɗin gaskiya ba ya rage darajar bishara. Ramin ƙarya ne ƙurarre.

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce. A cikin 'yan shekarun nan kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Isa da Sabon Birni. An kashe mutane, an sace waɗansu, gonaki sun zama saura, iyalai da yawa sun tsallaka Nijar ko sun koma cikin gari suna raɓe. Harsashi bai tambayi kowa addininsa ba. Waɗansunmu Musulmi ne suka ɓoye su, waɗansu Musulmi kuma a gidajen masu bi suka sami mafaka. Yanzu aikin jinƙai ya faɗo a hannunmu, mu da ba mu da gwamna a bayanmu. Daga rayuwar Likita Mila muna ɗaukar waɗannan darussa domin shekaru masu zuwa:

1. Idan muka ba mai yunwa hatsi ko muka kai marar lafiya asibiti, kada mu ɗaura masa sharaɗi. Mu taimake shi domin shi mutum ne da Allah ya halitta, mu bar Ruhu Mai Tsarki ya yi nasa aiki.

2. Mu tsaya wa wanda aka zalunta, ko wane ne shi, amma mu lura kada mu sayar da bakin Ikkilisiya ga mai mulki ko ɗan siyasa.

3. Mu kiyaye harshenmu a kan kabilar wani da addinin wani. Laifin ɗan bindiga nasa ne, ba na dukan danginsa ba. Magana zarar bunu ce, abin da Likita ya rubuta shekara 100 da suka wuce ana karanta shi har yanzu.

4. Mu nemi sani kafin mu fara aikin taimako, mu kuma tambayi waɗanda za a taimaka, domin kada a sake yin irin na Gimi.

5. Mu riƙe Hausarmu da zumuncinmu da danginmu, mu zauna cikin jama'a kamar yadda shi da kansa ya so, mu kuma sa 'ya'yanmu maza da mata a makaranta.

6. Mu rubuta sunayen ƙananan ma'aikata tun suna da rai, masu bishara da matansu, da matan zumunta, da masu share majami'a.

Game da hoton kuwa, ga abin da kwamiti ya shirya. Za ku same shi cikin wannan littafi, amma ba a shafi na fari ba. Mun sa shi a jere ɗaya da hoton mai bisharar da ya fara tara iyayenmu a gindin itace, da na dattawan da suka ɗauki ƙasa a ka suka gina majami'armu ta fari. Girman hotunan ɗaya ne. A ƙarshen jeren mun bar gurbi ɗaya ba hoto, domin tunawa da Hausawan da suka zauna tare da shi shekara da shekaru suna neman kalmar da ta dace, waɗanda Allah ne kaɗai ya san sunayensu duka.

Muna roƙon iyaye su karanta wa 'ya'yansu wannan tarihi a gida, matasa kuma su zauna da tsofaffi su tambaye su yadda Littafin ya fara shigowa gidajensu, tun suna nan tare da mu.

Allah wanda ya riƙe wannan Ikkilisiya shekara 50, cikin yalwa da cikin yunwa, cikin salama da cikin gudu, shi ya gafarta kurakuran waɗanda suka riga mu, ya gafarta namu, ya maido da zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya kuma sa a same mu da aminci a ranar da zai gwada aikin kowa. Amin.

Kwamitin Tarihi, a madadin Dattawan Ikkilisiya.